Farin Kofi a Farin Falo

Sunan da aka raɗa mata ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Bula ake ce mata, tun tana aiki a ɗakin wanki na wani otal, domin ba ta yarda farin kaya ya hau igiya sai ya sha ruwan bula. Ta shiga aikin da goyo a baya, ta fito da furfura. A tsakanin nan ta tashi daga mai cuɗa zuwa mai guga, daga mai guga zuwa shugabar ɗakin gaba ɗaya. Ba a son ta sosai, ana dai shakkarta, kuma wannan ya ishe ta. In yarinya ta kawo mata zanin gado ta ce ta gama, sai ta ɗaga shi a gaban taga, ta dube shi sama da ƙasa, ta mayar mata da abinta a sake wankewa. A wurinta launi biyu ne a duniya: fari, da abin da aka kasa wankewa.

Mijinta makaniki ne. Mutane sun sha dariyar wannan haɗin, mai farin kaya da mai baƙin mai. A bakin ƙofa yake tuɓe rigar aiki, ya wanke hannu har gwiwa kafin ta bar shi ya taka falo, kuma haka suka yi ta yi har ya rasu. Gidan ɗaki-ɗaki suka gina shi: falo, ɗakin kwana, ɗakin yara, kicin, da wani ɗan lungu da ya haɗa su, mai matakala ɗaya tak a bakin kicin. Duk abin da ta sa a gidan fari ne. Labule fari, rigar tebur fara, kofuna da farantai farare, firji da ƙofofi haka. Bango ne kawai ya fi ƙarfinta. Wata shekara mijin ya samo ragowar koren fenti a gareji ya shafe gidan da shi tana wurin aiki, ta dawo ta tarar. Ta yi mita har ta gaji. Koren nan ya tsufa, ya yi duhu, ya ga auren 'ya'yansu duka, bai je ko'ina ba.

'Ya'yan sun watse, kowa da inda abinci ya kai shi. Auta ce kaɗai a garin, malamar makaranta, tana zaune da mijinta da yaranta a saman wani gidan bene.

Ido ya fara ba Bula matsala bayan ta bar aiki. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire a huta, jijiyar ce ta gaji. Ya ba ta maganin ɗigawa don abin ya rage sauri, ya ce a ƙara haske a gida. Bula ta karɓi maganin, ta ce wa kowa da sauƙi. Ba sauƙin. Abubuwa sun fara rasa baki, kamar an jiƙa su sun narke cikin juna. Amma ƙafarta ta san gidanta, hannunta ya san inda komai yake, don haka ba wanda ya gane nisan da abin ya yi.

Sai ranar da ta zame a matakalar kicin ta bugu a ƙugu. Auta ta zo ta same ta tana ɗingishi tana shanya, ta zaunar da ita ta yi mata magana ɗaya: in aka sake faɗuwa, ko aka ga idon ya ƙara lalacewa, za a kulle gidan nan ta koma wurinta. Ba mugunta ba ce. Ɗaki ma an riga an ware mata. Bula ta san ɗakin, ta taɓa kwana a ciki. Akwai gado mai laushi da fanka, akwai injin wanki a gidan da mai aiki, ba abin da za a bar ta ta taɓa. Za ta zauna ne kamar akwatin da aka ba da ajiya, a riƙa leƙo ta ana tambaya ko tana son wani abu. Wannan zaman take gudu fiye da makantar kanta.

Auta ta ce tunda likita haske ya ce, to a fara da bango. Koren nan yana shanye hasken gidan. Ta kira ƙanin mahaifinta, mai fenti ne, shi ma ya manyanta, gashin hannunsa kullum da ɗigo-ɗigon aikin jiya. Baba Ƙarami yaran suke ce masa. Shi da Bula ba su taɓa haɗuwa suka rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

Ya zo da ƙananan gwangwanaye biyu na gwaji. Ya shafa ɗaya a bangon lungu, fari ƙal har yana ɗaukar ido. Ya matsa gaba kusa da ƙofar kicin ya shafa ɗayan, ya zagaye makunnin fitila da shi. Ruwan toka ne, amma ba mai sanyin nan irin na siminti ba, an ɗan sirka shi da ƙasa-ƙasa, ya yi taushi. Ya ce shi da gidansa ne wannan zai sa. Ba ya nuna shatin hannu, ba ya gajiyar da ido, kuma in rana ta faɗo a kansa ɗaki yakan yi daɗin zama.

Bula ta matso har hancinta ya kusa taɓa bangon.

"Wannan ai tawul ne da aka wanke da ruwan wanke-wanke," in ji ta.

"Matar yaya, ana yayinsa yanzu. Manyan gidaje shi suke sawa."

"Manyan ƙazamai dai. Shekara nawa na yi ina korar yara a kan launin nan, yanzu ka kawo min shi a gwangwani ka ce in zauna a ciki?"

Ya ce to ai yayansa ma ta zauna da shi, kuma bai ga ranar da ya yi fari ba. Ta ce shi wannan ƙaddara ce, bango kuwa zaɓi ne. Auta ta yi dariya ta goyi bayan uwarta. Fari ya fi haske, haske kuma likita ya ce. Magana ta ƙare a nan.

Baba Ƙarami ya kankare koren, ya shafe falo da ɗakin kwana, shafi biyu-biyu. Lungu da kicin ya bar su sai ya dawo, don akwai wani aiki da ke jiransa a bayan gari. Ranar da aka mayar da kaya Bula ta tsaya a tsakiyar falo tana shaƙar warin sabon fenti. Abin da ta nema tun tana amarya ke nan. Ta ce a ranta Allah ya ji ƙan mai gareji, amma yau kam ta ci nasara a kansa.

Washegari da hantsi rana ta shigo ta taga, falon ya zama wani abu guda fari mara gefe. Ba labule, ba ƙofa, ba tebur. Da can koren bango ne yake riƙe mata su, kowane fari yana tsaye a kan duhu, ita ba ta ma sani ba. Yanzu duk sun nutse. Ta haɗa shayi ta ajiye kofin a kan tebur, ta juya ɗauko cokali, ta juyo ta rasa kofin. Ta bi rigar tebur da tafin hannu a hankali har ta ture shi, shayin ya ƙona mata yatsu. Ta wanke rigar, ta shanya, ba ta gaya wa kowa ba.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Hasken yana sa idonta ruwa, kanta ya riƙa sara kafin azahar. Ta koyi tafiya da hannu ɗaya a gaba a cikin gidan da ta haifi 'ya'yanta. Duk da haka wata safiya ƙofar ɗakin kwana tana rabin buɗe, ta tafi kai tsaye ta haɗa goshi da bakinta. Ta zauna a ƙasa har jirin ya wuce. Wurin ya kumbura ya yi ƙulu. Ta ja ɗankwali ta rufe shi har gira. Da Auta ta kira ta tambayi sabon fenti, ta ce ai gida ya yi kamar otal.

Sai ta koma zama a lungu. Nan ne ba a shafa ba, nan idonta yake hutawa. Ta jawo kujera ta ajiye kusa da kicin, nan take tsince-tsincenta, nan take sauraron rediyo. A nan ne ta lura da wani abu da ya ɓata mata rai. Makunnin fitilar kicin, wanda Baba Ƙarami ya zagaye da tokar nan, tana ganinsa daga inda take zaune. Fari, mai kusurwa huɗu, a tsaye sarai. Makunnan falo kuwa sai ta shafa bango kamar mai neman ƙuma kafin ta same su.

Bula mace ce da ta yi rayuwarta tana ɗaga abu a gaban ido tana yanke masa hukunci, kuma ba ta taɓa yi wa kanta ƙarya a kan abin da ta gani ba. Ta tashi ta ɗauko farin kofi. Ta ɗaga shi a gaban farin shafin gwaji, ya ɓace, sai yatsunta a iska. Ta matsa ta ɗaga shi a gaban tokar. Ga kofi, ga bakinsa, har mariƙinsa. Ta maimaita da faranti, ta maimaita da tawul. Ta ja tsaki ta koma ta zauna.

Launin ba shi ne babbar damuwar ba, ko da yake shi ma ya tsaya mata a wuya. Damuwar ita ce, ba yadda za a yi ta ce a sake fentin da aka gama jiya-jiya ba tare da ta faɗi dalili ba. Dalilin kuwa shi ne abin da take ɓoyewa. In ta yi shiru, wata rana ƙofa ko tebur zai kayar da ita, a kwashe ta. In ta yi magana, Auta za ta san ba ta ganin kofi a kan tebur, a kwashe ta tun yau.

Da Baba Ƙarami ya dawo da tsaninsa da bokitin farin fenti don ya ƙarasa lungu, ta tare shi a ƙofa ta ce kada ya buɗe. Ta ce ta sake shawara, tokar take so, har falo da ɗaki. Ya ajiye bokitin ya dube ta. Ya tambaya ko tawul ɗin ruwan wanke-wanke take nufi. Ta ce shi. Ya ƙara dubanta, ya ce ɗankwalin nan yau ya sauko da yawa, ko sabon yayi ne. Ta ga ba amfanin ja, ta ɗaga masa. Ya daina dariya.

Ta gaya masa komai a taƙaice, ta ce ya shafe kawai, in Auta ta tambaya ya ce farin ne ya ƙare a kasuwa.

"Haba matar yaya. Yarinyar nan fa ba makauniya ba…" Sai ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana. Ni ce makauniyar, na sani."

Ya ce zai shafe mata gidan da duk launin da take so, ko na bakan gizo ne, amma ba zai yi wa 'yar yayansa ƙarya a kan idon uwarta ba. In ta faɗi gobe ta karye, da wane ido zai kalli yarinyar? Ta kira shi matsoraci, ta ce tun yana yaro haka yake, in an yi ɓarna shi ne mai kai rahoto. Ya ce ya ji, ya zauna a kan bokitinsa. Ta ɗauki waya da kanta.

Auta ta zo bayan an tashi daga makaranta, da alli a gefen hannun rigarta. Bula ba ta yi kwana-kwana ba. Ta cire ɗankwali ta nuna goshi, ta nuna yatsun da suka ƙone, ta ce a falon nan ba ta ganin ƙofa, ba ta ganin tebur, ba ta ganin kofin da ta ajiye da hannunta.

"Tun yaushe, Mama?"

"Fentin ne ya tona. Amma idon ya daɗe. Tun kafin in faɗi a matakala."

"Ni fa? Kina ganina?"

"Ina ganin mutum a tsaye. Da murya nake sanin ke ce, da wannan ƙarar jan takalmi a ƙasa da na hana ki tun kina ƙarama ba ki bari ba."

Auta ta miƙe. Ta shiga ɗakin kwana, aka ji tana jawo akwati daga saman kabad, tana buɗe durowa tana rufewa da ƙarfi. Bula ta bar ta ta yi ta yi. Da ta fito tana share ido da bayan hannu, uwar ta ce ta zauna, tana da tambaya. Bangon gidanta wane launi ne? Fari. Tayil ɗin ƙasa fa? Fari. Matakala nawa ake hawa kafin a kai ƙofarta, kuma wa ya san inda yara za su yar da keke ko takalmi? Ta ce a can ba idonta ba ƙafarta, a nan kuwa ko ba ido ƙafar ta san hanya. Ba ta ce ba za ta taɓa zuwa ba. Ta ce dai yau ba ranar ba ce, kuma tana da shaida. Ta kama hannun 'yar ta kai ta lungu, ta ce ta ɗaga duk abin da ta ga dama a gaban shafin nan biyu. Auta ta ɗaga cokali, ta ɗaga murfin tukunya, ta ɗaga yatsu uku. A gaban farin, Bula ta faɗi yatsun ta kasa sauran. A gaban tokar ta faɗe su duka.

Baba Ƙarami, da bai sa baki ba tun ɗazu, ya ce a ba shi 'yan kwanaki. Bango toka, ƙofofi da tagogi a bar su farare yadda suke. In an gama Auta ta zo ta gwada uwarta yadda take gwada 'yan ajinta. In ta faɗi, shi da kansa zai ɗauki akwatin. Auta ta ce to, amma har a gama a nan za ta riƙa kwana.

Aka sake fitar da kaya. Bula ta zauna a ƙofa tana jin rola tana cinye farin da ta jira shekara da shekaru, tana ba da umarni kamar ita ta koya masa sana'ar. Ta ce ya bar gurbi a kusurwa. Ya ce ashe idon yana aiki in dai laifin wani za a gani. Ta ce ba ganinsa ta yi ba, ta san halinsa ne. Ya duba, ya samu gurbin, ya shafe. Da ya zo matakalar kicin ya ja farin layi mai kauri a bakinta. Rigar tebur kuwa da kanta ta naɗe ta, ta sa Auta ta sayo mai duhu. Wannan ya fi bangon yi mata ciwo.

Ranar gwaji Auta ta sa ta jira a waje, ta shiga ta hargitsa falon. Ta bar ƙofar ɗaki rabin buɗe, ta kai kofi kan taga, ta rataye tawul a inda ba a rataye shi, ta ja kujeru. Bula ta shigo ta tsaya. Hantsi ne, rana ta faɗo a bangon amma ba ta dawo ta soke mata ido ba. Ga ƙofa can a tsaye, fara, ta kewaye ta. Ta ɗauko tawul ta ce wa ya koya wa mutum rataye tawul a nan. Ta kunna fitila ta kashe. Ta nufi taga ta ɗauki kofin ta mariƙinsa. Tana juyowa da shi, tana shirin yin magana, ƙafarta ta yi karo da 'yar ƙaramar kujerar katako da Auta ta ajiye a tsakiyar ɗaki. Katakon mai duhu ne, ƙasan ma mai duhu. Ta yi tangaɗi, ta dafa bango, ba ta faɗi ba. Kofin ma bai faɗi ba.

"Kin gani ko, Mama," in ji Auta.

"Na gani. Wato ban gani ba. Kai, mai fenti, kana da sauran farin nan?"

Yana da shi, kusan bokiti guda. A take ya fitar da kujerar waje ya shafe ta. Daga nan suka bi gidan su uku, Auta tana nuna duk abin da ke zaune a ƙasa mai duhu, shi yana shafawa ko a fitar da shi: ƙafafun tebur, bakin gado, kwandon shara. Wajen la'asar Auta ta zauna ta jero sharuɗɗanta. Waya kowace safiya. Ba hawa kujera don ɗauko komai. Asibiti duk lokacin da likita ya sa, kuma tare za su shiga, ita ma ta ji da kunnenta. Ba sauran ɓoye-ɓoye. Bula ta ce sharuɗɗan sun fi na otal yawa, ta karɓa.

Tana nan a gidanta har yanzu. Tana wankinta da hannu, tana sa bula, tana guga a kan bargo mai duhu. Idon bai dawo ba kuma ba zai dawo ba, maganin dai yana riƙe da abin da ya saura. Maƙwabta in sun shigo sukan yaba launin, su ce ɗakin ya yi sanyin zama, su tambayi sunansa. Takan ce sunansa dauɗa, kuma kada su kuskura su sa sai in dole.

Kwanan baya Baba Ƙarami ya biyo shan shayi, ya ce Auta ta kira shi. Tana son ya shafe ɗakin nan da ta ware wa uwar a gidanta, da lungun da ke kaiwa banɗaki, da irin wannan tokar. Ta ce ba gaggawa, a dai yi a ajiye. Ya faɗa yana satar kallon matar yayansa, yana jiran faɗa.

Bula ta kurɓi shayinta, ta ajiye kofin, ta sake ɗauka ba tare da ta lalube ba.

"In za ka yi, ka yi shafi biyu," ta ce. "Ka duba kusurwa. Zan zo in gani."